Tsakanin Kujerar Farfesa da Littafin Aji: Amsa ga Malamin Tarihi Daga Gusau

Wani matashi da ke koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Gusau ya aiko da tambaya. Ya ce ya kammala digirinsa na farko a fannin tarihi, ya yi bautar ƙasa, kuma yana da burin shiga aikin jami'a har ya kai matsayin farfesa. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne littattafan da yake koyarwa da su ba sa taɓo Zamfara da Kabi sai a 'yan layuka kaɗan, saboda haka yana son wata rana ya rubuta nasa. Yana neman sanin hanyar da ake bi, da shekarun da take ci, da kuma ko rubuta littafin makaranta yana kai mutum ga ƙarin girma ko ya riƙe masa gida.

Malam, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne buri biyu ka haɗa, kuma kowannensu da ma'auninsa. Jami'a tana ɗaga malami saboda sabon abin da ya gano, ya kuma wallafa domin 'yan'uwansa masana su tantance. Littafin aji kuwa aikinsa shi ne ya tattaro abin da masana suka riga suka tabbatar, ya sauƙaƙa shi yadda yaro ɗan shekara 13 zai gane. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. A ganina bincike ne ya kamata ya riga, littafin aji ya biyo baya, domin wanda bai taɓa zama da tsohuwar takarda ko da dattijo mai ba da labari ya tace abin da yake tabbatacce daga cikinsu ba, idan ya tashi rubuta wa yara littafi ba abin da zai yi sai kwafar na magabatansa, har da kurakuransu.

Matakan aikin sanannu ne, kuma kusan iri ɗaya ne a jami'o'in tarayya da na jihohi. Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba, ana iya ɗaukarsa a matakin farko na mai neman horo, bisa sharaɗin ya yi digiri na biyu cikin wa'adin da aka ɗibar masa. Daga nan sai mataimakin lakcara, sai lakcara na biyu, sai lakcara na ɗaya, sai babban lakcara, sannan mataimakin farfesa wanda wasu jami'o'i ke kira rida, kafin a kai farfesa. A bisa al'ada ana zama aƙalla shekara 3 a kan kowane mataki kafin a nemi na gaba, kuma a yau da wuya a bar mutum ya wuce lakcara na ɗaya ba shi da digiri na uku. Idan ka lissafa za ka ga cewa wanda ya fara daga tushe, kuma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, yana buƙatar kimanin shekara 18 zuwa 20. Rashin tuntuɓen kuwa ba a hannunsa kaɗai yake ba, tun da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 ya ɗauki kusan wata 9, na 2022 ya ɗauki wata 8, kuma kowannensu ya tura kammala digirin ɗalibai masu yawa gaba. Abin da ke rage zafin wannan jinkiri shi ne tun daga 2012 doka ta ba farfesa damar zama a bakin aiki har ya cika shekara 70.

Game da inda za ka yi karatun, an kafa jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi a 2013, kuma kusancinsu da gida alheri ne ga mai iyali da ɗan albashi. Tsofaffin sassan tarihi kuwa suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato wadda aka kafa a 1975. Shawarata ita ce ka fi mai da hankali ga wanda zai duba aikinka a kan sunan jami'ar. Ka binciki ko yana karanta babi ya dawo da shi da gyara cikin lokaci, ko kuwa kundin ɗalibi yakan shekara a kan teburinsa. Tsofaffin ɗalibansa za su gaya maka gaskiya idan ka tambaye su a keɓe.

Ƙorafin da ka yi a kan ƙarancin tarihin yankinmu a littattafai gaskiya ne, amma yana da kyau ka san musabbabinsa. An yi bincike mai yawa a kan Kabi da Zamfara. Bayan da Kenneth Dike ya jagoranci kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954 da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a 1955, sai Farfesa Abdullahi Smith ya zo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi, daga baya kuma ya assasa cibiyar Arewa House a Kaduna a 1970. A wannan zamani ne ɗaliban sashen suka bazu cikin ƙasashen Hausa, kowa ya ɗauki guda ya nazarce ta daga tushe. Muhammad Bello Alkali ya yi aiki a kan Kabi a ƙarni na 19. Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya fara da Yawuri, sannan a 1978 ya fitar da littafinsa a kan yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma ta hanyar fatauci da ƙaura, kuma a shekarun 1980 ya shugabanci jami'ar Sakkwato. Garba Nadama ya yi digirinsa na uku a kan tasowar daular Zamfara da rushewarta, kafin siyasa ta ɗauke shi ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983. Yusufu Bala Usman ya yi nasa a kan Katsina. Da yawa daga irin waɗannan ayyuka, da waɗanda suka biyo bayansu, har yau suna nan a matsayin kundaye a ɗakunan karatu na jami'a, ba a mayar da su littattafan da malamin sakandare zai samu a kasuwa ba. Marubucin littafin aji da ke zaune a Ibadan ko Legas kuwa abin da ya tarar a buge shi yake ɗauka. Giɓin da ka gani yana tsakanin kundi da aji ne, kuma mutum irinka, wanda ya san ajin sannan ya je ya san kundin, shi ya fi dacewa ya cike shi.

Sai dai sanin kundin yana da kayan aikinsa, kuma na farkonsu Larabci ne. Mai son rubuta tarihin wannan yanki kafin zuwan Turawa, idan ba ya iya karanta abin da Muhammadu Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo da Abdulƙadir ɗan Tafa suka rubuta da harshen da suka rubuta shi, zai ƙare rayuwarsa yana dogaro da fassarar wani. Haka ma ajami, domin wasiƙun sarakuna da waƙoƙin malamai da yawa a cikinsa suke. Idan ka yi makarantar allo da ta ilimi, ka riga ka sami rabin abin da ake buƙata, sai ka nemi malami ka ƙarasa. Na biyu shi ne haƙurin zama a ma'ajiyar takardu ta Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke, da rahotannin ƙiyasin haraji da bayanan gundumomi waɗanda jami'an Turawa suka rubuta. A nan ma sai da lura, domin Baturen da ya rubuta tarihin wata gunduma yawanci ta bakin tafinta ya ji shi, a gaban hakimin da ke da buƙatar a tabbatar wa gidansa sarauta. Takarda ba ta zama gaskiya don kawai ta tsufa ko don da Turanci aka rubuta ta. Akwai kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Kanta a Argungu.

Na uku shi ne hira da mutane, kuma a nan zamaninku ya fi na magabata wuya. Rashin tsaro ya sa ƙauyuka da kufai da yawa a Zamfara da wasu sassan Kabi ba sa shiguwa, dattawan da suka riƙe labarin garuruwansu wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira a Gusau ko Anka ko Talatar Mafara. Kada ka zaɓi batun da sai ka shiga daji kafin ka kammala shi, kuma kada ka ɗauka cewa don ba ka isa garin ba labarinsa ya ɓace, tun da mutanen garin sun taho da shi a bakinsu. Ka nemi izininsu, ka naɗi muryarsu, ka rubuta rana da wuri da shekarun mai magana, ka ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wannan aikin yana da gaggawa fiye da kowane littafi da kake tunanin rubutawa.

Yanzu bari in zo ga abin da na ɗauka shi ne mafi nauyi a kan marubucin littafin aji a wannan yanki, wanda kuma ba a koyar da shi a kowane kwas. A aji guda a Birnin Kebbi za ka tarar da jikan Gwandu da jikan Argungu a kan benci ɗaya, ga ɗan Yawuri ga ɗan Zuru. Za ka rubuta musu cewa a 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, kuma a cikin wannan shekara aka gwabza a Alwasa. Za ka rubuta cewa a 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa, Argungu ta tsaya da ƙafarta tana fafatawa da Gwandu da Sakkwato, in ban da ɗan lokacin sulhun da aka sani da Lafiyar Toga, har Turawa suka iso. Shin Nabame ɗan tawaye ne ko mai ƙwato 'yancin ƙasarsa? Majiyoyin Sakkwato da Gwandu suna da amsarsu, makaɗa da dattawan Argungu suna da tasu. Haka lamarin yake a Zamfara: Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 suka kafa Alkalawa, Shehu Usmanu ya shafe shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, Zamfarawa da yawa sun mara wa jama'arsa baya da farko, daga baya aka sami saɓani, sannan ga abin da ya faru tsakanin Muhammadu Bello da malaman 'Yandoto, wanda har yau ba kowa ke son a tayar da shi ba.

A maƙalar da masana kaɗan za su karanta kana da shafi 20 da za ka baje hujjojin kowane ɓangare. A littafin aji sakin layi biyu gare ka, kuma yaro zai haddace su ya rubuta a jarrabawa, ya girma da su a matsayin gaskiyar da ba ta da ja. Marubuta da yawa suna kauce wa wannan ta hanyar tsallake batun, ko su jera sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu su wuce. Wasu kuma suna ɗaukar riwayar fadar da suka fi kusa da ita su mayar da ita tarihin kowa. Dukkan biyun cin amanar ɗalibi ne. Abin da ya dace shi ne a faɗi abin da ya faru a fili, a bayyana dalilan kowane ɓangare da kalmomin da jikokinsa ba za su ji an zage su ba, a kuma gaya wa yaro cewa majiyoyi sun saɓa a wuri kaza. Yara suna iya ɗaukar wannan fiye da yadda manya ke zato. Kuma tarihin da kansa ya ba ka inda za ka sauke su, domin ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ake danganta mafarin bikin kamun kifi na zamani da ita, darasi ce a kan yadda tsofaffin abokan gaba ke sasantawa. Mutum ba ya samun ƙarfin halin rubuta irin waɗannan sakin layi sai ya karanta majiyoyin da idonsa, shi ya sa na ce bincike ya riga.

Game da ƙarin girma, kada ka sa rai da yawa a kan littafin makaranta. Kwamitocin jami'a suna ƙirga maƙalun da aka buga a mujallun da masana ke tantancewa, da babi a littattafan ilimi, da littafin bincike da sananniyar maɗaba'a ta fitar. Littafin firamare ko sakandare a yawancin jami'o'i makinsa kaɗan ne, wasu ma ba sa ƙirga shi, musamman idan marubucin ne ya kai shi wurin masu buga takardu da kuɗinsa ba tare da wani ya duba ba. A matakin rida da farfesa kuwa ana tattara ayyukan mutum a aika wa masana na wasu jami'o'i a asirce, su ne za su ce ya cancanta ko bai cancanta ba, kuma jiran amsarsu kaɗai yana iya cin shekara ko fiye. Waɗannan masu tantancewa sun san mujallun da ake biya a buga kome a cikinsu cikin mako biyu, kuma ganin irinsu a jerin ayyukan mutum yana rage masa daraja. Maƙala 5 masu nauyi a kan batu guda da aka san ka da shi sun fi tarin takardun da ba su da alaƙa da juna. Ka kuma yi hattara da muƙamai. Jami'in jarrabawa, shugaban sashe, shugaban tsangaya, duk hidima ce da ba a guje mata gaba ɗaya, amma na ga masu basira da yawa da taro da kwamiti suka cinye shekarun da ya kamata su yi rubutu a cikinsu.

Batun kuɗi kuma gajere ne. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatu da halartar taruka da wasu bincike, amma ga waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati. Wannan ya sa samun gurbi ko da a kwalejin ilimi, kamar ta Maru ko ta Adamu Augie da ke Argungu, hanya ce mai kyau ga mai irin burinka. Kason marubuci a wurin kamfanonin ɗab'i yawanci bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ana raba shi idan marubutan suna da yawa, kuma da zarar littafi ya karɓu sai masu satar fasaha su cika kasuwa da jabunsa a farashi mai rahusa. Waɗanda suka ci moriyar littafin aji sosai su ne waɗanda littafinsu ya shiga jerin da ma'aikatun ilimi na jihohi da yawa suka amince da shi, ya kuma daɗe a ciki. Darasin tarihi ma ya sha wahala ta musamman, domin cire shi da aka yi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009 ya kashe kasuwar littattafansa, ya kuma rage masu sha'awar koyar da shi. Dawo da shi da gwamnati ta yi ya sake buɗe ƙofa, sai dai ƙarancin ƙwararrun malamai yana nan, wanda hakan ke ƙara wa littafi nauyi, tun da a makarantu da yawa malamin da aka ba darasin shi ma daga littafin yake koyo.

Idan lokacin rubutun ya yi, ka sani cewa ba kai ke zaɓar abin da zai shiga ba. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, hukumomin WAEC da NECO kuma suna da jadawalin abin da suke tambaya, kuma littafin da bai bi su babi bayan babi ba babu shugaban makarantar da zai saya. Manhajar ta ƙasa ce baki ɗaya, dole ta ba Borno da Oyo da Benin da ƙasar Ibo da Neja Delta haƙƙinsu, saboda haka ko kai ne ka rubuta babban littafin, Kanta na Kabi da birninsa Surame ba za su sami fiye da 'yan shafuka ba. Abin da zai biya buƙatar da ta sa ka yi tambaya shi ne ƙaramin littafin ƙarin karatu a kan Zamfara da Kabi, mai taswira ingantacciya da hotuna da tambayoyi a ƙarshen kowane babi, wanda zai kawo tarihi har zuwa isowar jirgin ƙasa Kaura Namoda a 1929, da noman auduga da gyaɗa, da ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da ta Zamfara a 1996. Irin wannan ana iya fitar da shi da Turanci domin aji, da Hausa domin iyaye da makarantun Islamiyya da azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma ina kyautata zaton na Hausar zai fi yawan masu karatu. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya daɗe yana fitar da littattafan Hausa na makarantu, akwai kuma maɗaba'un jami'o'i.

Kana da wata dama da farfesoshi da yawa suka rasa, wato kana tsaye a gaban ɗaliban sakandare kowace rana. Ka riƙa adana bayanan darasinka, ka rubuta inda yara suka rikice da tambayoyin da suka yi maka wanda ba ka zata ba, domin daga nan ake gane tsawon jimlar da ta dace da su da kalmar da ta yi musu nauyi. Ka nemi gurbin digiri na biyu a zangon da ke tafe, ka zaɓi batu ƙarami da za ka iya kammalawa, kamar tarihin kasuwa guda, ko sana'a guda irin ta masunta ko maƙera, ko zuriyar malamai guda. Duk babin da ka rubuta domin yara, ka gwada shi a aji, sannan ka ba masani ɗaya daga Argungu da ɗaya daga Gwandu ko Sakkwato su karanta kafin ya je maɗaba'a. Ranar da kamfani ya miƙo maka takardar yarjejeniya kuma, ka kai wa lauya ya duba maka abu uku kafin ka sa hannu: wa ke da haƙƙin mallakar littafin, sau nawa a shekara za a ba ka lissafin kwafin da aka sayar, da kuma ko haƙƙin zai dawo hannunka idan kamfanin ya daina buga shi.